Kundin aiki: shirya darussan share fage kan ilimin nazarin ɗan Adam

13 ga Janairu, 2025

An tsayar da tsarin darussan. Mako shida ne, zama biyu kowane mako, kowane zama awa biyu, da ɗalibai 24 da za a raba rukuni shida. Masu shirin shiga jami'a da 'yan aji ɗaya ake nufi, kuma da Hausa za a koyar tun daga farko har ƙarshe.

Rassa huɗu muka ɗauki fannin: al'ada da zamantakewa, harshe, binciken kufai, sai halittar jiki, wadda nazarin tsofaffin ƙasusuwa da nazarin birai suke ƙarƙashinta. Wannan rabon daga Amurka ya fito, an kuma fi jingina shi ga Franz Boas, wanda ya zama farfesa a Jami'ar Kolumbiya a 1899, ɗalibansa suka bazu suka kafa sassan fannin a wasu jami'o'in ƙasar. A Ingila kowa gabansa ya kama, masu nazarin zamantakewa daban, masu tonon kufai daban. Jami'o'in Najeriya tafarkin Ingila suka fi gada. Shi ya sa ake samun ɗalibin da ya karanci aure da zumunta shekara huɗu bai taɓa ɗaukar tsingaro da niyyar nazari ba. Mun haɗa huɗun ne domin mai farawa ya zaga gidan duka kafin ya zaɓi ɗakin da zai zauna.

Sharaɗi ɗaya aka gindaya: babu darasin da zai ƙare a bayanin baki, kowane reshe sai an taɓa aikinsa da hannu. Kati iri ɗaya za a yi amfani da shi a duk rassan, mai gurbi biyar: mene ne, a ina aka same shi, yaushe, wa ya rubuta, da me aka same shi tare. Kalma ce aka naɗa, ko tsingaro aka tono, ko biri aka gani yana cin abinci, sai an cike gurabun biyar kafin a karɓi aikin. Za a buga kati 600 a takarda mai kauri, a rubuta da fensir, domin tawadar biro tana zuba idan ta jiƙe, tana kuma koɗewa a rana.

27 ga Janairu

Kayan reshen harshe sun haɗu: na'urar naɗar murya uku, makirfo mai maƙalawa a wuyan riga, abin sauraro na kunne, da soson rufe makirfo. Za a naɗa a tsarin WAV, 48 kHz. Saƙon murya na WhatsApp ba ya yi, saboda yana matse sauti yana zubar da wani ɓangarensa, kuma abin da ake zubarwar a cikinsa ake rarrabe ɓ da b, ƙ da k, da ra-gare guda biyu na Hausa, mai kaɗawa da mai naɗewa. Makirfo ya zauna kamar taƙi ɗaya daga baki, ta gefe, don kada iskar numfashi ta buge shi. Hunturun nan ya nuna wuraren da ba su dace ba. Tsakar gida iska ta hana, ɗaki mai rufin kwano kuma yana ƙara da rana ta take. Ɗakin ƙasa mai tabarma da labule ya fi ko'ina, a kashe fanka, a nisanci janareto.

Aikin farko na ɗalibi shi ne ya ji abin da rubutun boko ba ya nunawa, wato karin sauti da tsawon wasali. Kalmomi uku aka zaɓa: kuka na hawaye da kuka itaciya, wuya na jiki da wuya ta wahala, gari na mutane da garin tuwo. Duk Bahaushe yana furta su daidai, amma da an ce ya faɗi wace gaɓa ce sama wace ce ƙasa, sai ya rikice. Fito ne maganin abin. A furta kalmar, a maimaita ta da fito ba tare da baƙaƙe da wasula ba, nan take hawa da saukar ke fitowa. Kada kuma a karanta kalmomi a jere, domin murya tana sauka da kanta a ƙarshen jeri, sai ta ɓata karin kalmar ƙarshe. Kowace kalma a saka ta cikin jimla guda da ba ta canzawa.

Aiki na biyu jerin kalmomi 100 ne na yau da kullum da masanin harshe Swadesh ya tsara don kwatanta harsuna, za a ɗauka daga bakin mai jin Bolanci ko Ngizimanci ko Karekare. Matsalar da aka fi sani a nan ita ce idan da Hausa ka yi tambaya, mai amsawa yakan mayar maka da kalmar Hausar da ya saba ara, alhali tasu tana nan a bakin tsofaffi. A nuna abin ko hotonsa, sannan a tambaya ko akwai yadda kakanni ke faɗa.

Daga nan ake shiga batun dangantakar harsuna. Hausa tana cikin reshen yamma na harsunan Cadi, su kuma Joseph Greenberg ya tabbatar da zamansu cikin babban dangin Afro-Asiya tare da Larabci da Ibrananci da harsunan Buzaye da tsohon harshen Masar, a rabe-raben da ya kammala a 1963. Inda ɗalibai ke zamewa shi ne rarrabe gado da aro. Littafi da alƙalami da alƙali aro ne daga Larabci, ba su nuna dangantaka. Ƙidaya ma misali ce mai kyau: ɗaya zuwa goma na gida ne, ashirin zuwa casa'in Larabci ne, sun ture tsohon salon gomiya biyu, gomiya uku. Amma mutu, da ke da takwara a Larabci da Ibrananci da tsohon harshen Masar, da t ta jinsin mace da ake ji a ta zo, waɗannan ba a aro suka shigo ba. An tanadi kalmomi 30 a kati don ɗalibai su ware su kashi biyu, kowa ya kare hujjarsa.

Karin harshe zai ɗauki rabin zama. Zamna da zauna, sabka da sauka, abduga da auduga: Sakkwato da Katsina da ƙasar Hausa ta Nijar ta yamma sun riƙe tsohon furuci, Kano ce ta sauya, kuma sauyin yana bin ƙa'ida, wadda ake kira dokar Klingenheben. Wannan darasi yana da muhimmanci a wurinmu, domin yana rushe zaton da yara ke zuwa da shi cewa duk abin da ya saɓa wa Daidaitacciyar Hausa lalacewa ce.

Abin da ya sa harshe ya shiga nazarin ɗan Adam shi ne tambayar wa ke faɗa wa wa me. Kowane rukuni zai naɗi gaisuwa biyu, ta tsara da tsara da ta yaro da babba, ya duba wa ya fara, wa ya ce ku, wa ya rage murya, wa ya yanke. Minti biyu kacal za a rubuta a manhajar ELAN, domin minti ɗaya na hira yana iya cin sabon hannu kusan awa guda. Izinin mai magana a naɗe shi da muryarsa a farkon fayil.

10 ga Fabrairu

An kafa akwatunan tono shida. Kowane katako ne, mita ɗaya a tsawo, mita ɗaya a faɗi, ƙasar ciki santimita 40, gefe ɗaya roba ce mai gani-gari don a riƙa ganin jerin shimfiɗun ƙasa. Cikakken akwati ya haura kilo 500, saboda haka a inda zai zauna ake cika shi, ba ya ɗaukuwa.

Daga ƙasa zuwa sama: jar ƙasa mai tsakuwa santimita 10 ba komai a ciki, baƙar ƙasa 10 mai toka da gawayi da kashin maƙera da gasasshen gero, yashi 5, alamar lokacin da aka bar wurin, lakar tsohuwar katanga 10 mai tsingaro, sai 5 na sama mai marafan kwalba da mataccen batir da leda. Kafin a zuba na saman an haƙa rami daga kan lakar har cikin baƙar ƙasa, aka jefa kwabon 1973, aka cike. Ramin nan shi ne jarrabawar. Wanda ya tona da awo kawai, santimita goma-goma, zai tsinci kwabon a zurfi ɗaya da kashin maƙera, ya ce zamaninsu ɗaya. Wanda ya bi launin ƙasa da taurinta zai ga bakin ramin, ya kwashe cikinsa daban, ya gane cewa kwabon cewa kawai yake yi ba a cike ramin kafin 1973 ba.

Busasshen yashi yana zubewa ya cakuɗe da na ƙasansa da zarar cokali ya taɓa shi. Dole kowace shimfiɗa a yayyafa mata ruwa, a daɓe, a bar ta ta sha iska kafin a ɗora wata, akwatin kuma ya kwana bakwai kafin a tona. Ruwa ya yi yawa, toka ta bi shi ta rina yashin. Lokacin tono kuma akasin haka ne, ƙasa na bushewa launuka su zama ɗaya, sai an ɗan fesa ruwa da kwalbar feshi.

Kayan aiki: ƙaramin cokalin magina, buroshi, tef na awo, zare da ƙusa, rariya mai ido milimita 5, ledoji. Murabba'in mita ɗaya ana tabbatar da shi ta auna kusurwa zuwa kusurwa, ya ba da santimita 141.4. Kankarewa ake yi da gefen cokali, ba a soka tsininsa, kuma ba a cire abu sai an auna shi an zana. Kati ɗaya cikin leda, lamba a bayanta. Ƙwayar gero ba ta tsayawa a rariya, don haka ake zuba ƙasa lita 10 a bokitin ruwa, a motsa a hankali, abin da ya ƙone ya taso, a tace shi a kyalle mai ido rabin milimita, a shanya a inuwa. Rana tana fasa shi.

Tsingaron duk na sababbin tukwane ne da aka saya a kasuwa aka fasa. Ba a ɗauko ko ɗaya daga kufai ba, kuma za a gaya wa ɗalibai dalili. Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta hana tono ba izini. Ko babu doka ma, tono rushewa ne, wuri ba ya tonuwa sau biyu. Nok, da ke kudancin Jihar Kaduna, ita ce shaida. An fara tsintar gumakan yumɓunta a wurin haƙar kuza a 1928, Bernard Fagg ya gane cewa al'ada guda ce a shekarun 1940, amma mafi yawan waɗanda suka fita duniya masu haƙar sata ne suka fitar da su, babu wanda ya san da me aka same su. Sai da masana daga Jami'ar Frankfurt tare da takwarorinsu na Najeriya suka soma tono bisa ƙa'ida daga 2005 aka san cewa mutanen sun zauna a yankin tun wajen 1500 kafin Miladiyya, gero suke nomawa, gumakan kuma sun bayyana ƙarnoni bayan haka. Ƙonannen gero da ɓarawo ba zai kalla ba shi ya ba da wannan amsa. Misali na biyu kwalekwalen Dufuna ne a Jihar Yobe: wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a 1987, ya sanar, aka yi tonon wurin a 1994, tsawonsa ya ɗan haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000.

19 ga Fabrairu

Darasin gano shekaru. Duk mai rai yana ɗaukar sinadarin kabon-14, da ya mutu sai ya daina, abin da ke jikinsa ya riƙa raguwa da rabi duk shekara 5,730. Willard Libby ya fito da hanyar a ƙarshen shekarun 1940. Bayan shekara 50,000 abin da ya rage ba ya aunuwa, kuma ba ta aiki a kan dutse. Don nuna raguwar, rukuni zai watsa faifai 100, ya cire waɗanda suka faɗi fuska sama, ya sake watsa sauran, yana zana adadin. Marafan kwalba ba su yi ba, ɓangare ɗaya suka fi faɗawa. An yanka faifan roba masu fuska biyu daidai, aka shafa wa ɗaya fenti.

Abu uku ke ɓata sakamako, kuma kowanne za a nuna shi. Gawayin tsohuwar itaciya yana ba da shekarun itaciyar, wanda zai iya girme wutar da ta ƙone shi da ƙarni biyu ko uku, shi ya sa ƙwayar hatsi ta fi, tunda damina ɗaya ta rayu. Gara da saiwa da ɓera suna saukar da gawayi daga sama zuwa ƙasa. Na ukun ya shafe mu kai tsaye: tsakanin 800 da 400 kafin Miladiyya ma'aunin daidaita shekarun kabon ya kwanta, samfura masu ƙarnoni a tsakaninsu suna ba da lamba kusan ɗaya, kuma a daidai nan matoyan ƙarfe na Taruga da sauran na Nok suka faɗa. Wannan na cikin dalilan da har yau ake jayayya kan farkon narkar da tama a Afirka ta Yamma.

6 ga Maris

Azumi ya kama, an ɗage duk aikin rana zuwa bayan Sallah. Kwafin ƙoƙon kai biyar na roba sun iso. Biyu daga ciki a toshe suke, ba za su yi awon cikin kai ba, sai an nemi masu rami.

24 ga Maris

Reshen halittar jiki. Ƙoƙunan su ne na cimfanzi, na tsofaffin dangin ɗan Adam uku da aka tono ƙasusuwansu, wato Toumaï da jinsin Lucy da Homo erectus, da na mutumin yau. Ba za a shigo da ƙashin mutum na gaske aji ba.

Abu uku za a auna. Na farko ramin da laka ke fita ta ƙasan ƙoƙo: a mai tafiya da ƙafa biyu yana tsakiya yana kallon ƙasa, a mai ƙafa huɗu ya ja baya. Na biyu fiƙa, tsawonta da ko akwai giɓin da take shiga. Adadin haƙora bai raba mu da cimfanzi da gwaggon biri ba, duk 32 ne. Na uku girman mazaunin ƙwaƙwalwa: a toshe ramuka da auduga, a cika da gero ta mazurari, a juye a kwalbar awo. Idan wani ya girgiza wani bai girgiza ba, sakamako ya sha bamban sosai, domin gero yana daɗa zama. Ƙa'ida ita ce mazurari ɗaya, tsayi ɗaya, ba girgizawa, a auna sau uku a ɗauki matsakaici. Na cimfanzi yana wajen santimita kubik 400, na mutumin yau wajen 1,350.

Toumaï na maƙwabta ne. A Hamadar Djurab ta Cadi aka same shi a 2001, Ahounta Djimdoumalbaye ne ya tsince shi cikin tawagar Michel Brunet, an ƙiyasta masa shekara kusan miliyan 7. Ƙwaƙwalwarsa ba ta wuce ta cimfanzi ba, fiƙarsa ƙarama, kuma ko da ƙafa biyu yake tafiya masana ba su daidaita ba har yanzu. Za a gabatar da shi da jayayyarsa. Lucy kuwa a Hadar ta Habasha aka same ta a 1974, shekara miliyan 3.2, ƙashin ƙugunta da na gwiwa na mai miƙewa ne.

Wannan darasi shi zai fi tayar da tambaya, kuma tambayar ta cancanci amsa cikin mutunci. Matsayinmu shi ne a ajiye ƙashin a gaban ɗalibi, a nuna yadda aka auna shekarunsa, a faɗi abin da masana kimiyya suka fahimta da inda suka saɓa, ba tare da an nemi kowa ya ajiye aƙidarsa a bakin ƙofa ba. A kuma gyara maganar da ke yawo cewa kimiyya ta ce birin da muke gani ne ya rikiɗe ya zama mutum. Abin da masanan ke cewa shi ne zuriyar biyu ta rabu daga tushe guda shekaru miliyoyi da suka wuce, kowace ta bi hanyarta.

Rabin zaman na biyu na masu rai ne. Sikila: jaka biyu, kowace da duwatsun ado rabi A rabi S, a zaro ɗaya daga kowace sau 40. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu zai fito SS, kuma ɗalibi zai gani da idonsa cewa kowane ciki lissafinsa sabo ne, haihuwar mai sikila ɗaya ba ta kare ukun da ke biye. Anthony Allison ya nuna a 1954 cewa mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya bayyana yawan S a inda sauro ya yi katutu. Sai kuma iya narkar da ɗanyen nono bayan an girma, wanda ya yawaita a tsakanin Fulani makiyaya. A nan sana'ar kakanni ce ta bar alama a jini, saboda haka darasin ya haɗe da na al'ada.

14 ga Afrilu

Nazarin birai. Jane Goodall ta fara aikinta a Gombe ta Tanzaniya a 1960, kuma sai an faɗi Tanzaniyar da ƙarfi, in ba haka ba rabin aji zai ɗauka tamu ce. Amma hanyar aikin da za a koyar ta Jeanne Altmann ce, wadda ta nuna a 1974 cewa mai rubuta duk abin da ya ja hankalinsa faɗa da hayaniyar manyan maza zai cika littafi da su, uwa mai shayarwa a gefe ba za ta shiga ba.

Da farko a rubuta jerin ɗabi'u, kowace da ma'anar da mutum biyu ba za su saɓa a kanta ba. Takwas aka tsayar: ci, tafiya, hutu, tsince wa wani jiki, wasa, barazana, kauce wa wani, ɗaukar jariri. Hutu ya ba da wahala, sai da aka ƙayyade shi da zama ko kwanciya ba tauna ba taɓa kowa. Sannan hanya biyu: a bi dabba ɗaya minti 10 ana rubuta duk abin da ta yi da lokacinsa, ko kuma duk minti 5 a share garken da ido daga hagu zuwa dama a rubuta abin da kowa ke yi a wannan daƙiƙar. Ta farko ta fi nuna wa ke hulɗa da wa, ta biyu ta fi nuna yadda garke ke raba yininsa. Idan dabba ta ɓace a rubuta ta ɓace, kada a cike da zato.

A kan awaki za a fara. Mutum biyu su kalli akuya ɗaya ba su duba takardar juna ba, a gwada. In ba su dace a takwas cikin goma ba, ma'anonin ne ba su fito ba, a koma a gyara su. Cikin zafin nan daga hantsi zuwa la'asar dabba kwance take, don haka a raba lokutan kallo tsakanin safiya da rana da yamma, kada a ɗauki safiya kaɗai a ce haka yinin yake.

Ana shirin kai ɗalibai Yankari. Gwaggon biri na sansanin Wikki yana da sauƙin gani, amma ya saba da abincin baƙi, saboda haka yininsa ba irin na na daji ba ne, kuma dole wannan ya shiga gurbin “a ina” na katin. Ƙa'idoji: tazarar aƙalla mita 7, ba abinci a hannu ko a leda, ba a zuba wa babban namiji ido, mai mura ya zauna a gida, domin cutar numfashi ta mutum tana kama birai. Dajin yana da tsofaffin matoyan tama da rijiyoyi, za a haɗa rassa biyu a tafiya ɗaya.

Cimfanzi sai a karatu. Gandun Gashaka Gumti da ke Taraba da Adamawa yana da irin da ake kira na Najeriya da Kamaru, an kuma soma nazarinsu a tsare daga 2000. Suna amfani da tsinke wajen cin kwarkwasa da ciro zuma, amma ba a gan su suna kamun gara da tsinke ba kamar na Gombe. Bambancin irin wannan tsakanin garke da garke shi ya sa masana ke tambaya ko koyo daga na gaba ne ko yanayin daji ne ya jawo. Da yake ganinsu yana da wuya, sheƙar da kowane babba ke yi a kan itace duk dare ake ƙirgawa, kuma lissafin ba ya tsayawa sai an san kwana nawa sheƙa ke yi kafin ta ruɓe a wannan dajin.

5 ga Mayu

Reshen al'ada shi ɗalibai ke ɗauka sun riga sun sani, shi ya sa aka bar shi ƙarshe. Aikin zanen zumunta ne: alwatika namiji, da'ira mace, layi biyu aure, layi a tsaye haihuwa. Hanyar ta W. H. R. Rivers ce, ya bayyana ta a 1910: a fara da wa ya haifi wa, daga baya a tambayi me kake kiransa. In aka fara da sunan zumunta an shiga ruɗu, domin baba yana iya zama mahaifi ko ƙanensa ko wansa, ɗan'uwa kuwa ba shi da iyaka.

Zanen da ke littattafan Turai gidanmu ya fi ƙarfinsa. An ƙara alamomi: lamba ga kowace mata bisa jerin aurenta don a raba 'yan ɗaki da 'yan uba, karan tsaye a kan layi don saki, layi mai ɗigo don riƙo, wani launi don shayarwa, tunda nono yana haramta aure kamar jini. A yi amfani da babbar takarda a kwance. Wurare biyu bayani ke zubewa: 'ya'yan da suka rasu suna ƙanana ba a ambatarsu sai an tambaya, kuma a tambaya da tausasawa, uwa kuma ba za ta kama sunan ɗan farinta ba, sai a nema a bakin wani. Ita kanta kunyar bayani ce, a rubuta ta. Da zane ya kammala sai a sa alama a kan waɗanda ake wasa da su, kaka da jika da taubasai, da waɗanda ake jin nauyinsu, surukai da ɗan fari, a ga yadda suka jeru. Daga nan a faɗaɗa zuwa wasan Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi.

Kowane rukuni sai da mace da namiji, domin namiji iyakarsa zaure. Tarihin Baba ta Karo, da Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, mace ce ta same shi a cikin gida lokacin da mijinta M. G. Smith ke nazarin sarauta da tattalin arziki a waje. Za a kuma faɗa wa ɗalibai cewa wasu daga cikin rubuce-rubucen farko kan al'ummomin Arewa jami'an mulkin mallaka ne suka yi su, irin su C. K. Meek, don amfanin gwamnatinsu. A karanta su, amma da tambayar wa ya ba da labarin, ta bakin wane tafinta, a gaban wane hakimi. Sunayen mutane ba za su fita daga littafin fili ba, lamba za ta maye gurbinsu a duk abin da aka miƙa.

21 ga Mayu

Darussa goma cikin goma sha biyu sun kammala a rubuce. Saura na buɗewa da na haɗa rassan, wanda za a gina a kan sana'ar ƙira: kashin maƙera daga akwatin tono, kalmomin maƙera daga naɗin murya, gadon sana'ar a zanen zumunta. Hadari ya fara haɗuwa, akwatunan suna buƙatar rumfa da tamfol kafin ruwan farko, in ba haka ba shimfiɗun za su narke su haɗe. Gara ta taɓa ƙafar akwati biyu, an ɗora su a kan bulo an shafa baƙin mai. Ƙoƙuna biyu masu rami ba su iso ba, idan suka wuce ƙarshen wata za a yi awon gero da ukun da ke hannu. Takardar neman izinin shiga Yankari da ɗalibai tana jiran amsa, kuma an ƙara gurbi na shida a katin don lambar izinin mai magana ko mai gida, saboda haka sai an sake bugawa kafin 2 ga Yuni.